A Duba Hantar Uwa Ma: Sharhi Kan Hawan Jinin Masu Juna Biyu



A yau da wuya ka shiga gari mai ɗan girma a ƙasar Hausa ka rasa inda aka kafa allo an rubuta ana hoton ciki. Sikanin ya zama ruwan dare. Mace ta kwanta, a shafa mata man nan mai sanyi, a ɗora na'ura, a faɗa mata watannin cikin, a faɗa mata kwanciyar ɗa, in ta matsa a gaya mata mace ce ko namiji. Wannan ci gaba ne, kuma ban raina shi ba. Sai dai akwai wata gaɓa a jikin uwar, tsakaninta da inda ake yawo da na'urar nan bai wuce tafin hannu ɗaya ko biyu ba, amma ba kasafai ake leƙa ta ba. Hanta nake nufi. Tana nan ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kuma a jikin mai cikin da jininta ya hau, tana iya yin sanadin rasa rai cikin 'yan sa'o'i.

Bari mu faro daga tushe. Idan ciki ya wuce mako 20, aka auna jinin mace aka ga ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, sannan aka sami furotin a fitsarinta ko wata alamar cewa gaɓoɓinta sun fara taɓuwa, to ta shiga matakin da likitoci ke kira firi-ekilamsiya, wato sharar fagen jijjiga. In awon ya kai 160 bisa 110, abin ya yi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na matan da ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa, hawan jinin nan ne ke ɗauke su. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 kuma ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan mace-mace a duk faɗin duniya a Nijeriya suke faruwa. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar ɗakin haihuwa a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya san jijjiga ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Asalin matsalar daga mabiyiya take. Idan jijiyoyin da ke kai mata jini ba su buɗe yadda ya kamata ba tun farkon ciki, sai ta riƙa sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa, su kuma su riƙa lalata shimfiɗar cikin jijiyoyin jini a ko'ina a jiki. In abin ya fi ƙarfi a ƙwaƙwalwa, a ga jijjiga. In a ƙoda ne, a ga furotin a fitsari, ko fitsarin ya ragu. In kuwa a hanta ne, to nan ne ake yawan ruɗewa, domin ba ta da wata alama mai firgita mutanen gida kamar yadda jijjiga ke yi.

Hanta gaɓa ce mai cike da jini. Nauyinta ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuma ta hanya biyu jini ke shigar ta: kusan kashi uku cikin huɗu daga babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji, ragowar daga jijiyar da ke kawo shi daga wajen zuciya. A lulluɓe take da wani tantani siriri mai ƙarfi, wanda ake kira da sunan Francis Glisson, likitan Ingila da ya wallafa littafi a kan hanta a 1654. Naman hanta shi kansa ba ya jin ciwo sosai. Tantanin nan ne mai ji. Idan ƙananan hanyoyin jini na cikin hanta suka toshe da gudajin jini, sai hantar ta kumbura, tantanin ya miƙe, mace ta fara jin ciwo a ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama. In abin ya ci gaba, jini ya fara tsiyaya a cikin naman, ya taru tsakanin hanta da tantaninta. In taruwar ta yi yawa, tantanin ya yage, jini ya kwarara cikin kogon ciki. Wannan shi ne fashewar hanta. Tun 1844 wani likita mai suna Abercrombie ya rubuta labarin mai cikin da hakan ta same ta, saboda haka ba sabon abu ba ne.

A 1982 ne wani likitan mata na Amurka, Louis Weinstein, ya tattara bayanan mata 29 ya nuna cewa akwai wani nau'i na wannan cuta mai alamomi uku a gwajin jini: jajayen ƙwayoyin jini suna farfashewa, sinadaran hanta suna hauhawa, sannan ƙwayoyin da ke taimaka wa jini ya daskare, wato filatilet, suna raguwa zuwa ƙasa da 100,000. Ya sa masa suna HELLP, kuma da wannan sunan ake kiransa a asibitocin duniya har yau. Yana samun ƙasa da mace ɗaya cikin masu ciki 100, amma cikin waɗanda hawan jininsu ya tsananta, yana kama kashi 10 zuwa 20. Taruwar jini a ƙarƙashin tantanin hanta kuwa tana samun kamar ɗaya ko biyu cikin 100 na masu HELLP ɗin, galibi a ɓangaren dama na hantar. Adadin kaɗan ne a takarda. Amma a ƙasar da ake haihuwar miliyoyin jarirai kowace shekara, kaɗan ɗin nan mata ne masu yawa, kuma kowaccensu uwar wani ce, 'yar wani ce.

Abin da ya fi damuna, jama'a, shi ne yadda muke fassara ciwon nan. Mai ciki wata bakwai ko takwas ta ce ƙahon zuciyarta na ciwo, tana jin tashin zuciya, tana amai, jikinta ya mutu. Me za a ce? Olsa ce. Ƙwannafi ne, ai duk mai ciki tana yi. Wata ta ce gashin kan yaro ne ke sukar ta. A aika yaro kemis ya karɓo farin maganin nan na ruwa, ko a jiƙa mata kanwa. In ciwon ya ƙi, a haɗa mata da magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak ko ibufurofen, waɗanda ke ƙara wa mai ƙarancin filatilet haɗarin zubar jini, su kuma wahalar da ƙodar da ta riga ta jigata. In ta ce har kafaɗarta ta dama tana ciwo, sai a ce kwanciya ce ta yi ba daidai ba, a yi mata tausa. Alhali ciwon kafaɗar nan babbar shaida ce. Jijiyar da ke kula da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, daga wuya ta sauko, tushensu ɗaya da jijiyoyin fatar kafaɗa. Idan jini ko kumburin hanta ya taɓa tantanin nan daga ƙasa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka kafaɗa ce ke ciwo.

Ga kuma mai cikin fari, wadda kunya ba ta barin ta faɗi abin da ke damun ta a gaban surukai, ita ce kuma ta fi shiga haɗarin firi-ekilamsiya. Ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da ba ta saba kuka da ciwo ba, in ta buɗe baki ta ce haƙarƙarinta na ciwo, to a saurare ta.

Yanzu mu zo kan hoton. Na'urar sikanin da sauti take aiki, sautin da kunne ba ya ji. Tana aika shi cikin jiki, ya dawo, ta mayar da shi hoto. Ba ta da hasken nan mai ratsa jiki irin na eksire, don haka ba ta cutar da ɗan da ke ciki. Ana iya turo ta har bakin gadon mara lafiya, kuma cikin 'yan mintuna a ga abin da ake nema. Shi ya sa ita ce ta farko a wannan matsala a duk duniya, har a asibitocin da suka fi kowa kayan aiki.

Me mai dubawa zai gani? Idan jini ya taru a ƙarƙashin tantanin, yana fitowa a allon na'ura da siffar jinjirin wata, ya kwanta a gefen hanta yana danna namanta ciki, har gefen hantar da ya kamata ya zama mai doro ya baje ko ya lotsa. Idan tantanin ya riga ya yage, sai a ga ruwa yana kwance a wani lungu tsakanin hanta da ƙodar dama, domin nan ne jini ya fi saurin taruwa in mutum yana kwance rigingine, a kuma gan shi a wajen saifa da cikin mara. Sikanin ɗin zai iya nuna ruwa a ƙasan huhu. Zai kuma iya kore wasu cututtukan da ke kama da wannan, kamar tsakuwa a matsarmama, wadda ita ma ciwon haƙarƙarin dama take kawowa.

Amma akwai tarko a nan, kuma ina so ma'aikatan lafiya da ke sauraro su riƙe shi. Jinin da ya taru sabo-sabo, da ya fara daskarewa, wani lokaci haskensa a allo yakan yi daidai da na naman hanta, ya saje da shi. Sai bayan kwanaki, in ya fara narkewa, yake yin baƙi ya fito fili. Ga mahaifa ta cika ciki ta tura komai sama, ga haƙarƙari yana tare sauti, ga iskar hanji, ga mace tana murƙususu ba ta iya riƙe numfashi. Wanda bai goge ba zai iya dubawa ya ce lafiya lau. Saboda haka sikanin da bai nuna komai ba, ba ya wanke mace in ciwon yana nan, filatilet na sauka, bugun zuciya na ƙaruwa. A sake dubawa bayan 'yan sa'o'i, ko a nemi hoton da ya fi shi gani.

Wanda ya fi shi gani a wannan fanni shi ne hoton CT, musamman in an yi wa mace allurar ruwan da ke haska jijiyoyin jini. Shi yana nuna girman taruwar jinin, da iyakarta, da ko tantanin ya yage, har ma da ainihin wurin da jini ke tsartuwa a daidai wannan lokaci. Yana kuma nuna wata matsalar da sikanin ke yawan tsallakewa, wato mutuwar wani yanki na hanta saboda jini ya daina isa gare shi. Na faɗa muku hanta ta hanya biyu take samun jini, don haka da wuya wani ɓangarenta ya mutu a sauran cututtuka. A HELLP kuwa hakan na faruwa, sai a ga yankuna masu duhu a gefe-gefen hantar waɗanda ruwan allurar bai shiga ba.

Na san tambayar da ke zuciyar wasu: CT ba da hasken eksire yake aiki ba? Ba zai taɓa yaro ba? Haka ne, da shi yake aiki, kuma ba a yi wa mai ciki shi haka kawai. Amma masana sun daɗe da auna wannan. Hasken da bai kai miligire 50 ba, ba a same shi yana jawo nakasa ko ɓarin ciki ba, kuma hoton CT guda ɗaya na ciki yawanci bai kai nan ba. Sau da yawa ma lokacin da ake buƙatar hoton an riga an ciro yaron. In kuma yana ciki, to rayuwarsa a rataye take da ta uwarsa. Uwar da jininta ke zuba a ɓoye, ɗanta ne zai fara rasa iskar shaƙa. Idan likita ya auna ya ce a yi, ina roƙon maigida da iyaye kada tsoro ya sa su hana.

Akwai kuma MRI, mai aiki da maganaɗisu, ba shi da hasken eksire, yana kuma bambance sabon jini da tsoho da kyau. Sai dai yana ɗaukar lokaci, yana da tsada, ba ko'ina ake samun sa ba, kuma ruwan allurarsa mai suna gadoliniyom ana guje masa ga mai ciki. Amfaninsa ya fi yawa ga wadda hankali ya kwanta a kanta.

Wani bincike da likitoci biyu, Barton da Sibai, suka wallafa a 1996 daga birnin Memfis na Amurka ya koyar da darasin da har yau bai tsufa ba. Sun duba hotunan hantar mata 34 masu HELLP da ke kuka da ciwon haƙarƙarin dama ko kafaɗa. Kusan rabinsu an sami matsala a hoton. Abin lura, yawan hauhawar sinadaran hanta a gwajin jini bai nuna wace ce jini ya taru a hantarta ba. Faɗuwar filatilet ƙwarai ce ta fi tafiya tare da matsalar. Ma'ana, takardar gwajin jini ita kaɗai ba za ta gaya wa likita halin da hantar ke ciki ba. Koken matar da bakinta, da abin da na'ura ta nuna, su ne ke cika labarin.

To in an gani, sai me? Nan ne darajar hoton take, domin shi ke raba hanya. Idan jinin ya taru amma tantanin bai yage ba, matar kuma jikinta bai rikice ba, ana iya kwantar da ita a sa mata ido sosai, a sauko da hawan jinin, a yi mata allurar magniziyom salfet don kare jijjiga, a ƙara mata jini da filatilet, a kuma riƙa maimaita hoton don a ga ko taruwar na ƙaruwa. Sannan a hana kowa danna mata ciki. Wannan hani yana da muhimmanci a wurinmu, inda tausa da danna ciki lokacin naƙuda suka zama al'ada. Hannu ɗaya mai nauyi a kan hantar da ta cika da jini ya isa ya yage tantanin. Idan jini na zuba amma akwai sauran lokaci, a manyan cibiyoyi ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa hanta a toshe jijiyar da ke zubar. Idan kuwa ta fashe, sai tiyata: a buɗe, a ciro yaro, a cusa ƙyallayen tiyata a kewaye hantar a matse ta har jini ya tsaya, a koma bayan kwana ɗaya ko biyu a cire su. A kowane hali, maganin asalin cutar shi ne raba uwa da mabiyiya, wato haihuwa.

Ina so in ja kunne kan wani abu, kada maganata ta yau ta zama sanadin ɓata lokaci. Mai cikin da aka san jininta a sama yake, sai kwatsam ya faɗi ƙasa, ta yi fari fat, gumi na keto mata, cikinta ya ƙara tashi, wannan ba wadda za a saka a Keke Napep a bi gari da ita neman wurin hoto ba ce. Jinin da ya sauko irin haka ba sauƙi ne ya samu ba. Irin wannan, duban minti biyu a bakin gado ya wadatar, in ma babu na'urar to a wuce ɗakin tiyata, 'yan uwa kuma su miƙa hannu a ɗebi jininsu. Ana yin hoto ne don a san matakin ɗauka, in matakin ya riga ya bayyana ba a jiran sa.

Kada kuma a ɗauka da an sauka lafiya shi ke nan. Kusan kashi 30 cikin 100 na HELLP bayan haihuwa yake bayyana, galibi cikin kwana biyun farko. A daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka, ana hura wutar wankan jego, ana dama kunun kanwa, mai jego na iya cewa haƙarƙarinta na ciwo a ce mata ai ciwon bayan haihuwa ne. Ciwon bayan haihuwa a mara yake. Wanda ya hau sama zuwa ƙahon zuciya da kafaɗa, asibiti yake nema. Akwai ma wasu matan, kamar kashi 15 cikin 100 na masu HELLP, da awon jininsu bai hau sosai ba ko fitsarinsu bai nuna furotin ba, don haka awo mai kyau guda ɗaya ba ya rufe magana.

Wani zai ce, duk wannan zance na manyan asibitoci ne, mu da ke ƙauye fa? Gaskiya ne CT sai a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da wasu manyan cibiyoyi a birane. Amma na'urar sikanin ta riga ta iso kusa da mu, har akwai ƙanana da ake haɗawa da waya. Abin da ya rage shi ne horo. Likita ko ungozomar da ta iya auna kan jariri a allo, za a iya koya mata ta matsa da na'urar sama ta duba gefen hanta da lungun nan na kusa da ƙoda. Mun kuma ga abin da horo ke yi. A 2008, lokacin da aka shigar da magniziyom salfet asibitoci goma na Jihar Kano aka koya wa ma'aikata amfani da shi, mace-macen masu jijjiga a waɗannan asibitoci sun sauko daga kusan kashi 20 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. Maganin ya daɗe a duniya kafin nan. Kai shi hannun mutane da koya musu ne ya kawo canjin. Ina ganin duban hanta a bakin gado ya cancanci irin wannan himma daga ma'aikatun lafiya na jihohinmu.

Kafin a kai ga wannan duka, akwai awon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, a kuma yi mata sikanin sau ɗaya kafin mako 24. A wurin awo ne ake kama hawan jini tun yana ƙarami, a nan ake gane wadda ya kamata a ɗora kan ƙaramin asfirin ko ƙwayar kalsiyom, bisa umarnin likita.

Saboda haka, ya kai maigida, ya ke uwar miji, ya ke uwar da 'yarki ta zo goyon ciki: in mai ciki ko mai jego ta yi kuka da ciwo a ƙahon zuciya, ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko kafaɗar dama, balle in ya haɗu da ciwon kai, ko ganin dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, kada a kwana da ita a gida, kada a taɓa mata ciki. A kai ta asibitin da ke da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini. In an isa, a roƙi a auna jininta, a gwada fitsari, a ƙirga filatilet, in kuma an ɗora na'urar hoto a ce da mai dubawa, don Allah a duba hantarta ma.

Allah Ya sauki matanmu lafiya.